Muryar Mai Riƙe da Waya

Yayana kurma ne tun yana goye, kafinta a Ƙofar Dumi. Saboda shi na koyi sa rubutu a ƙasan bidiyo. Wa'azi, labarai, wasan kwaikwayo, duk in zauna da wayata in rubuta abin da ake faɗa, in tura wa ƙungiyarsu ta kurame. Wata malamarsu ta kafa mini doka: idan mai magana ba ya cikin hoto, dole in rubuta ko wane ne, don su ba sa gane mutum da murya.

Wata Talata da azahar aka yi ihun ɓarawo a bakin kasuwa. Yaya yana tafe da sauri, zai kai wa wani kujera. Aka ce ya tsaya, bai juyo ba. Shi ke nan laifinsa. Wani ya maka masa katako a ƙeya, ya faɗi, aka rufe shi da duka, da bulo, da bel, da ƙafar kujerar da ya ƙera da hannunsa. Sai wata mata mai sayar da doya, 'yar kudu, ta faɗa kansa tana kururuwa kafin aka bar shi. Ya rasa haƙora huɗu, haƙarƙari biyu suka karye.

Kafin a sallame mu daga asibiti bidiyon ya zaga gari. Da muka koma gida Yaya ya miƙo mini waya, ya yi mini alama da hannu: rubuta, duka. Yana son sanin abin da suke faɗa lokacin da suke neman kashe shi.

Minti biyu ne, amma sai da na yi wuni a kansa. Na rubuta ashar ɗin da ban taɓa furtawa ba. Na rubuta "ƙarar katako a kan ƙashi". Na rubuta "a kawo fetur". Sai ga muryar mai ɗaukar bidiyon, dab da waya, yana dariya yana cewa ai kurman unguwarsu ne, a ɗan taɓa shi, ya cika girman kai.

Na san muryar kamar yunwar cikina. Maƙwabcinmu ne mai facin taya, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya da Yaya, wanda ya kawo mana lemo asibiti har da hawayensa na munafunci.

Da na rubuta "wani mutum" da an wuce wurin. Amma raina ya ɓaci, kuma ni ba na iya haɗiye abu. Na rubuta sunansa, har da na ubansa.

Yaya ya karanta, ya mayar baya, ya sake karantawa. Ya ɗora yatsa a kan sunan ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya tashi yana dafe da ƙirji, ya ɗauki gudumarsa ya fita. Ban tare shi ba, kuma wannan ma ba zan ɓoye ba.

Ta kan katanga na jiyo komai, ihun mai faci, da na matarsa, da kukan 'ya'yansa. Hannun dama Yaya ya farfasa masa, har yau bai sake riƙe sifana ba. 'Yan sanda suka tafi da Yaya da bandeji a ƙirjinsa.

Inna ta tarar da ni a tsakar gida da wayar a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shi Allah ya rufe masa kunne, bai ji ba," ta ce. "Ke kika ji, ke kika kai masa."