Matar da Ke Gaida Dutse

A bakin garin akwai wani baƙin dutse mai faɗin kai, wanda inuwarsa kan rufe layuka uku na gidaje har hantsi. A gindinsa mata ke zama suna fasa tsakuwa, kowace da tsibinta, masu tifa na zuwa suna saya su kai wa magina. Wadda ta fi kowa daɗewa a wurin ita ake kira Gwaggo Tsakuwa. Sunanta na gaskiya kuwa, ko 'ya'yanta sai sun yi tunani kafin su faɗa.

Siririya ce, mai jijiyoyi a damtse kamar igiyar guga. Farcen babban yatsanta na hagu ya mutu tun tana budurwa, kuma akwai ɗan farin tabo a idonta ɗaya inda ɓarɓashin dutse ya taɓa samunta. Gudumarta ta Inna ce, mahaifiyarta. An sake mata ƙota ya fi sau goma, amma kan ƙarfen shi ne dai wanda Inna ta riƙe.

Ba guduma kaɗai ta gada ba. Kowace safiya, kafin ta zauna, sai ta je jikin dutsen ta ɗora tafin hannunta, ta ce, "Mun tashi lafiya? Mun zo neman abin kai wa baka, a yi haƙuri da mu." Haka Inna take yi, haka kuma ta koya mata sauran ƙa'idojin wurin. Ba a fasa abin da ke manne da jikin dutse, sai wanda ya saki da kansa ya gangaro. Idan ka ɗaga dutse ka ga kunama ko ƙadangare a ƙarƙashi, ka mayar yadda ka same shi, gidan wani ne. Akwai wani ɗan idon ruwa da ke tsattsafowa daga gindin, wannan ba a wanke ƙafa a ciki, ba a kuma sha sai tsuntsaye sun riga.

"Dutsen ma yana ji?" ta taɓa tambayar Inna tana yarinya.

"Ya riga mu zuwa, zai kuma ga bayanmu," in ji Inna. "Wanda ya girme ki haka, ko bai amsa ba, ai kya gaishe shi."

Da wannan sana'a ta rayu. Mijinta tela ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da keken ɗinkin da ba ta iya ba. Da tsakuwa ta ciyar da su, da tsakuwa ta aurar da uku. Sauran matan kan yi mata dariya, wasu kan ce camfi ne, amma ba wadda ke faɗa da zafi, don duk wadda ta zo wurin sabuwa Gwaggo ce ke nuna mata yadda ake riƙe dutse a cikin zoben taya ba tare da ta farfasa yatsunta ba.

Wadda ta fi tsokanarta ita ce Gajera, ƙawarta ta shekara ashirin, mai tsibi kusa da nata. Da ta ga Gwaggo ta dawo daga gaisuwa sai ta ce, "To, yaya angon naki ya kwana? Yau ma bai ba ki kuɗin cefane ba?"

"Ya ce in gaishe ki, wai yana neman ta biyu, amma ba ya son mai surutu."

Sai su bushe da dariya, gudumomi su ci gaba.

Shekarar da kamfanin fasa dutse ya zo, komai ya sauya. Suka kewaye gefen gabas da waya, suka kafa injin niƙa, suka soma sa nakiya. Kullum da tsakar rana sai a busa jiniya, matan su ruga bayan wata katanga, ƙasa ta girgiza, kwanuka su yi ƙara a cikin ɗakuna. Mai haƙa ramukan nakiyar kuwa ba wani ba ne illa Auta, ƙanen Gwaggo, ciki ɗaya, wanda ta goya a bayanta a wannan gindin dutsen. Yana da 'ya'ya shida da mata ɗaya, ya yi shekara uku ba aiki. Ranar da ya zo ya nuna mata hular kwanonsa, ba ta ce kada ya yi ba. Ta dube shi ta ce, "Ka dai riƙa yi masa sallama kafin ka huda shi."

"Yaya kenan," ya ce yana dariya. "Da ƙarar injin nan, ko ya amsa wa zai ji?"

Shekara huɗu ana cin gefen dutsen har ya zama bango tsaye, fari fat kamar ƙashi. Remaye, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo da ke shan rana a kan duwatsu, suka ɓace tun a shekarar farko. Gwaggo ba ta daina gaisuwa ba, sai dai yanzu takan daɗe da hannunta a jikinsa.

A tsakiyar daminar shekara ta biyar, ta zo wata safiya ta tarar idon ruwan ya ƙafe. An yi kwana uku ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatoci duk sun cika, amma inda ruwan ke tsattsafowa babu ko danshi. Ta durƙusa ta tona da yatsa. Busasshen yashi. Tun da take ba ta taɓa ganin ya ƙafe ba, ko da rani.

Ta bi gindin dutsen a hankali tana dubawa. Tururuwa sun yi layi suna fita daga wani rami ɗauke da ƙwayayensu farare, suna nufar hanya. Can sama da inda matan ke zama, bayan wani ɓaure da ya fito daga jikin dutsen, ta ga wata tsaga da ba ta san da ita ba. Ta sa tsinken tsintsiya, ya shige. Bayan kwana biyu yatsanta ya shige. Rana ta huɗu ƙotar gudumarta ta shige har rabi, ta kara kunne ta ji ruwa na gudu a can ciki, cikin duhu, da wata 'yar ƙara kamar mutum na cizon haƙora cikin barci.

Ta sauko da sauri.

"Ku tashi daga nan," ta ce wa matan. "Mu koma can bakin hanya."

"Cikin ranar nan?" in ji Gajera. "Nan ga inuwa, nan tifa ke juyawa. In muka koma can wa zai gan mu?"

"Ruwan da ke fitowa ya daina fitowa. Yana ciki yana cinsa. Dutsen nan ba shi da lafiya, Gajera."

"To ki dafa masa magani."

Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don sun ga fuskarta. Mata bakwai suka kwashe tsibinsu a daro suka bi ta. Biyar suka zauna, har da Gajera.

Gwaggo ta je ƙofar kamfanin. Mai gadi ya hana ta shiga, ta tsaya a rana har manajan ya fito zai shiga mota. Ba mugun mutum ba ne, ya saurare ta har ƙarshe, ya ma kira ta Mama. Ya ce injiniya ya duba wurin watan jiya, ba wata matsala, kowane dutse yana da tsaga. Ya zaro kuɗi zai ba ta ta sha ruwa. Ta ce ba ƙishirwa ta kawo ta ba.

Da yamma ta wuce gidan Auta, ta same shi a tsakar gida yana jiƙa ƙafafunsa a bokiti, matarsa na tsince shinkafa.

"Auta, ban taɓa roƙonka komai ba."

"Haka ne, Yaya."

"Kada ka shiga ƙarƙashin bangon nan sai damina ta wuce. Ka ce ba ka da lafiya. Ka ce ni ce ba ni da lafiya."

Ya kalli ruwan bokitin. Wannan karon bai yi dariya ba. "Ni ma na ji shi," ya ce a hankali. "Shekaranjiya ƙarfen haƙa ya zurma kamar cikin laka, ruwa ya biyo shi. Na faɗa musu. Suka ce in ci gaba. In ban je ba, gobe wani zai sa hular nan, Yaya. Mutum nawa ke tsaye a ƙofar kamfanin suna neman aiki?"

Matarsa ta daina tsintar. Abin da Gwaggo ta samu daga gare shi kawai shi ne alkawarin zai nemi a mayar da shi aikin sama, ya kuma ɗaure igiyarsa can nesa da baki.

Ranar da abin ya faru ba a yi ruwa ba, ba a kuma sa nakiya ba. Rana ce tas, sama wankakkiya. Da hantsi Gwaggo ta ɗauki ruwa a gora ta kai wa Gajera, don ta sake gwadawa.

"Zo ki zauna kusa da ni, ko na yau kaɗai. Na yi kewar bakinki."

"Bari in ƙarasa tsibin nan, mai tifa zai zo da azahar. Gobe zan dawo, na rantse. Ai kin hana ni barci da maganar angon nan naki."

Gwaggo ta tsaya kamar ta kama hannunta ta ja. Sai ta ji kunyar idon mutane, babbar mace da jan wata babbar mace. Ta juya.

Ta zauna kenan ta ɗaga guduma, sai ta lura tsuntsaye sun yi tsit. 'Yan ƙananan duwatsu suka soma gangarowa, ɗaya, biyu, babu iska babu kowa a sama. Ta miƙe ta ƙwalla kiran Gajera da wata murya da ba ta san tana da ita ba. Mata huɗu suka zubar da komai suka ruga. Gajera ta miƙe ita ma, sai ta sunkuya ɗaukar takalminta.

Bangon ya saki gaba ɗaya. Ba a ji ƙarar farko kamar ƙara ba, a ƙirji aka ji ta. Ƙura ta rufe rana. Da ta lafa, babu ɓauren, babu injin niƙa, babu inuwar da suka yi shekara ashirin suna zama. Baƙin ruwa na kwarara daga cikin tarin duwatsun.

Kwana biyu aka yi kafin a fito da Gajera da wasu ma'aikata biyu. Auta yana sama lokacin. Ƙasa ta buɗe taku uku daga ƙafarsa, igiyar ce ta riƙe shi.

Bayan haka mutane suka soma zuwa gidan Gwaggo, wannan da ciwon ɗa, wannan da ɓatan akuya, wai ta duba musu. Ta kore su duka. "Ni ba na ganin komai sai abin da ke gaban kowa," ta ce. "Ku ne ba kwa tsayawa ku duba." Ta yi wata guda ba ta taɓa guduma ba. Da 'yarta ta ce mata ai ta yi iyakar ƙoƙarinta, sai ta ce, "Hannu ɗaya zan miƙa. Ban miƙa ba."

An rufe kamfanin wata biyar, sannan aka buɗe a gefen arewa, da sabon manaja da sabon injin. Auta ya koma. Ranar da zai fara, ya biyo ta gidanta da sassafe ya ce, "Yaya, zo ki ga wani abu."

Suka hau ta bayan dutsen, tana hutawa yana jiranta. A can ƙoli ya ture busasshiyar ciyawa da ƙafa. Wata tsaga ce, siririya kamar zare, ta tashi daga inda bangon ya karye ta miƙe yamma. Suka bi ta har inda ta ɓace a baki. Gwaggo ta leƙa ƙasa. Rufin kwano ne layi uku, da shanyar kaya, da yara na tafiya makaranta. Ga gidanta can, ga na Auta da bokitinsa a tsakar gida.

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa. Sun ce za a turo injiniya."

Tun daga ranar ta shiga bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ba mai yi mata dariya, kowa sai ya shimfiɗa mata tabarma ya saurara. Gida uku suka tashi, masu 'yan uwa a cikin gari. Sauran suka yi godiya suka rako ta har ƙofa. A gidan Auta, matarsa ta ji ta har ƙarshe, da jariri a cinya, sannan ta ce, "Na yarda, Yaya. To ina za mu?"

Gwaggo ta miƙa hannu. Ta karɓi jaririn ta riƙe. 'Yarta da ke aure a wani gari ta aiko sau biyu a ɗauko ta, ta ce ba yanzu ba, akwai gidajen da ba ta gama da su ba. Lokacin saura wata biyu ruwan farko ya sauka.