Iya da Ɗan Shuɗin da Ya Faɗo daga Sama

A gidanmu na Tsibiri, da an gama girbin hatsi an shigar da dammuna rumbu, hira takan koma bakin murhun Iya, kakata mahaifiyar babana. Ana idar da sallar magariba za ta ƙara kara a wuta, ta binne gujiya cikin toka, mu kewaye ta muna miƙa tafin hannu. Tatsuniyar Iya ba a jin ta baki buɗe kawai. Tana cikin tafiya sai ta tsaya ta nuna ka da tsinke, ta ce, "To, da kai ne, mi za ka yi?" Ni dai na sha ba ta amsar da ta sa ta dariya har da tari.

Ni ce mace ta farko da aka sa lakwal, wato makarantar boko, a gidan, kuma Iya ce ta tsaya kai da fata a kan haka. Baba Alhaji, yayan babana, ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Maraɗi, maganarsa kuma ba a cika tsallake ta ba. Ya sha faɗa cewa karatuna na ƙauye ɓata lokaci ne, gara ya tafi da ni in taya matarsa aikin gida. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ina aji huɗu amma Faransancina bai wuce gaisuwa da ƙirga ba.

Wata Juma'a sai ga shi ya zo da tele da ɗan injin wuta, da 'yarsa Rabi, sa'ata, wadda ke karatu a birni. Ya ce yau yara za su ga abin zamani. Aka ajiye telen bisa turmi a kife, aka sa wani fim na zane mai motsi da Faransanci. Wani ɗan halitta shuɗi mai kunne uku ya faɗo daga sama cikin jirgi kamar ƙwarya, ya afka wani kanti, wani ƙaton mai gadi yana ta binsa suna zamewa. Yara suka dinga birgima don dariya. Iya ko murmushi ba ta yi ba, sai ta taɓo ni.

"Ke 'yar lakwal, mi yac ce?"

Maganar ta wuce ni kamar motar Yamai. Ga Baba Alhaji a kujera ya juyo yana kallona. Sai na ji bakina ya ce, "Wai uwarshi ce ta aike shi sayen gishiri, ya ɓata hanya."

"Wayyo! Ta san inda yake?"

"Ba ta sani ba, tana can tana jira, miya na bisa wuta."

Daga nan fa ƙarya ta samu hanya. Iya na tambaya, ina ƙerawa. An ba shi ruwa? A'a. Ya gaida mutane? Ya gaishe su, ba su amsa ba. Har na fara jin daɗin kaina, sai Rabi ta miƙe.

"Wallahi Baba, ba haka ya ce ba! Ba shi da wata uwa. Alawa ya zo sata, don ya ci gasa a garinsu."

Baba Alhaji ya gyara zama ya ce, "Kun gani ko? Shekara huɗu!" Na sunkuyar da kai, ina ganin kaina a bakin rijiyar gidansa da tulin kwanuka.

Iya ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Rabi, ta ce, "Ɗiyata, kin tabbata? Duk wanga gudu da faɗuwa don alawa?"

"Eh, Iya."

"To, waɗanda suka yi abin nan sun iya zane, amma ba su iya labari ba. Yaro ya faɗo daga sama, babu mai nemanshi, babu mai jiranshi, to in an kama shi ina ruwana? Alhaji, kashe injin nan, yana sa min ciwon kai. Ku taho ku ji yadda aka yi."

Muka koma bakin murhu, har da Rabi. Iya ta ce, "Ga wata ta sauko daga sama, ku tare ta." A bakinta ɗan shuɗin ya faɗo cikin lambun albasa a Jiratawa. Kowa ya gan shi sai ya ruga, ban da wata tsohuwa mai ciwon ƙafa da ta kasa gudu, don haka dole ta gaishe shi. Ta ba shi fura, ya sha da kunne, aka yi ta gyara masa. Gari ya taru za a kore shi, tsohuwa ta ce baƙonta ne. A ƙarshe ta ƙulle masa gishiri a bakin zane, ya koma ya tarar uwarsa ta ƙi sauke tukunya. Duk inda labarin ya karkata sai Iya ta ce, "Ko ba haka kika ce ba, Zuwaira?" in ce haka ne. Baba Alhaji da ya ce tsayuwa kawai zai yi, shi ya fi kowa dariyar shan fura da kunne.

Da zai tafi ya sake tayar da maganata. Iya ta ce, "Yarinyar da ta gyara wa Turawa labari, ita za ka kai wankin kwano? Bar min ita." Bai ƙara ɗaga zancen ba.

Yau ina koyarwa a wata lakwal a unguwar Zariya ta Maraɗi. Kwanaki 'ya'yana suka ci karo da fim ɗin a waya, na zauna na ji shi kalma bayan kalma. Rabi ce mai gaskiya, alawa ce. Na nemi abin da masu sharhin finafinai suka rubuta a kansa, na tarar yawancinsu sun yaba launi da ban dariya, suka koka cewa babu abin da zai sa ka damu da jarumin. Na yi dariya ni kaɗai. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta riga su faɗa, kuma a lokacin hankalinta ba a kan fim yake ba, jikarta take ƙoƙarin fitarwa daga kunya.

Na daɗe ina zaton ni na yaudare ta. Sai shekarar da na ci jarrabawar shiga kolej, ina matsa mata ƙafa, na ce, "Iya, kin tuna ɗan shuɗin nan? Ƙarya na yi miki."

Ta ce, "Yo ni makauniya ce? Bakinshi ya motsa sau biyu, ke kin yi zance ya kai Maraɗi." Sannan ta kama hannuna. "Amma ki koyi abin nan da gaske, Zuwaira. Ba kullum ina kusa ba."

Na koya. Allah bai nufa ta zauna gefena ta sake tambayata abin da aka ce ba, ranar da nake da amsar gaskiya. Allah Ya jiƙan Iya.