Tsinken Tsintsiya a Kan Rufinmu

Maigidana bai taɓa yarda wani ya hau masa rufin ɗaki ba. Ba rowa ba ce, don mutum ne da zai tuɓe rigarsa ya ba ka, amma da ka ce a kira kafinta ko mai gyaran famfo sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Malamin firamare ne, sai dai rabin ɗakinmu da ke Yelwa tarkacensa ne: ƙusoshi a gwangwanin madara, guntayen waya, marfin tukunyar da ba tukunya, da wani rediyo da ya gyara har ya kai ba ya magana sai an jingina shi da bango. Na yi mita har bakina ya gaji, shi kuwa sai ya ce kowane abu a ɗakin nan ranarsa yake jira.

Kwanon da ya rufa ɗakin da shi na gwanjo ne, daga wani tsohon sito da aka rushe a Kachalla Sembe. Kowane falle ya zo da tsofaffin hujin ƙusa, wasu ana gani, wasu sai ruwa ya tona musu asiri. Silin kuma ya ce yana nan tafe. 'Ya'yanmu mata biyu suka girma suka yi aure, silin bai iso ba. Saboda haka duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa ta gabas, mun san lokacin liƙe kwano ya yi.

Aikin na mutum biyu ne, kuma shi ya ƙirƙiro tsarinsa. Da hantsi zan shiga ɗaki in rufe ƙofa da taga, duhu ya yi, sai kowane huji ya fito da ɗan haskensa. Yana da wata doguwar gora da ya tsaga bakinta. Zan karya tsinken tsintsiyar kwakwa in maƙala a tsagar, in ɗaga in cusa shi a hujin, ya leƙa ta sama. Shi kuma yana kan rufi ba takalmi, yana taka layin ƙusoshi kawai, inda katako yake a ƙasa. Duk inda ya ga tsinke a tsaye sai ya zare, ya kankare tsatsa da tsohuwar wuƙa, ya liƙe. Abin liƙin ma haɗinsa ne. Farin soson nan da ake samu a kwalin firiji ko talabijin yake gutsurawa cikin ɗan fetur a gwangwani, ya narke ya zama kamar ƙullun ƙosai, ya shafa, ya ɗora ɗan tsumma, ya sake shafawa. Ranar aikin ba a hura wuta a tsakar gida sai ya sauko. In ya gama wuri ɗaya sai ya ɗaga murya ya ce, “Saura ina?” Ni kuma in ƙwanƙwasa kwanon da gora ta wajen da ya rage.

Kafin ya taka tsani akwai abin da ba ya tsallakewa. Gidajen unguwarmu a manne suke, wanda ya hau rufi yana ganin tsakar gidan kowa, har banɗakin da ba rufi. Don haka zai tsaya a gindin tsani ya yi kira da muryarsa ta aji, “Za a hau sama! A kimtsa!” Ba zai hau ba sai an amsa. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wata Bamumiya mai sayar da doya wadda muka yi goyon yara tare, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ita ke fara amsawa kullum: “Mun ji, Malam, ka hau!” Matasan yanzu sai dai ka ga mutum a sama yana ɗaura tauraron talabijin kamar an jefo shi, ba sallama ba komai. Wannan na cikin abubuwan da ke ɓata masa rai ƙwarai.

Bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru, hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiya. Muka yi jinya a asibiti, muka dawo gida da rabin mutum. Hannun dama da ƙafar dama sun shanye, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce maganar za ta iya dawowa in yana gwadawa, amma Malam ya ƙi gwadawa. Sau ɗaya ya buɗe baki gaban masu dubiya, kalmar ta fito a karkace, wani ya ce “Me ya ce?”, shi ke nan ya juya fuska bango. In na kawo kunu ya sha, in na juya shi ya juyu, amma ko “uhm” ba ya ce mini. Na shimfiɗa katifata a ƙasa kusa da gadonsa don in ji motsinsa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, ga mijina a gabana, ga shi babu shi. Ba tafiyarsa nake roƙon Allah ya dawo mini da ita ba, muryarsa nake so.

Ruwan farko na shekarar ya sauka da la'asar, kuma ɗakin ya yi abin da ya saba. Yoyo ya sauko daidai ƙirjinsa. Na ja gadon iya ƙarfina, wani yoyon ya same shi a ƙafa. Na jera robobi da tukwane har a kan bargonsa, yana kwance yana kallon kwanon da ya liƙe da hannunsa shekara da shekaru yana zuba masa ruwa. Na ga hawaye ya bi gefen idonsa ya shiga kunne.

Washegari ƙanensa ya zo daga unguwar Barade, ya ga robobi, ransa ya ɓaci. Adda yake kirana, wato yaya mace, wansa kuma Hamma. Ya ce mini, “Adda, wannan ba zama ba ne. Gobe zan kawo kafinta, ya cire kwanon nan duka a sa sabo.” Ya juya wajen gadon ya ce, “Hamma, ka ji ko?” Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Amma Malam ya ɗaga hannun hagu ya bugi katakon gado da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya sake bugawa, idonsa jawur. Ƙanen ya ja da baya. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce, “Bar shi kawai. Ni zan hau.”

Ni da ko kan kujera na hau sai jiri ya ɗebe ni, ga jiki, ga ciwon gwiwa. Ƙanen ya ce in ji tsoron Allah, me mutane za su ce, mace mai jikoki a kan kwano. Na ce su ce abin da suka ga dama, ba a kansu ruwa ke zuba ba.

Da hantsi na haɗa soso da fetur kamar yadda na sha gani, na rufe ƙofa da taga, na cusa tsinkaye a duk hujin da na hango. Sannan na ɗora gorar a gadonsa kusa da hannun hagu, na ce, “Malam, in na tambaya ka ƙwanƙwasa mini.” Bai ko kalle ni ba. Na buɗe ƙofa na fita, na ɗaura zani tamau a kan wandon da na aro cikin kayansa, na jingina tsani. Na sa ƙafa a matakin farko ke nan sai na ji wani sauti daga ɗaki, kamar mutum na kokawa da abu a maƙogwaro. Na tsaya cak. Sautin ya sake fitowa, a karkace, a ja, amma na gane kowace kalma.

“Za a… hau… sama. A… kimtsa.”

Unguwar ta yi tsit. Na riƙe tsani, ina tsoron kada wani ya ce “Me ya ce?” Sai muryar maƙwabciyata ta tsallako katanga, da ƙarfi kamar kullum: “Mun ji, Malam! Ka bar shi ya hau!” Daga ɗaya gidan wani dattijo ya yi godiya da Fulatanci, ya ce, “Useko, Malam, mun kimtsa.” Na hau tsanin nan ina kuka, ban ma tuna da jiri ba sai da na kai sama.

Aikina na ranar ba abin nunawa ba ne. Na ɓata hannuna har gwiwa, na taka tsakiyar falle sau ɗaya ya lotsa, na ji ya yi gurnani daga ƙasa, na gane faɗa yake mini, na kuwa ji daɗin faɗan. Da na liƙe na farko na ce, “Saura ina?” Aka ɗan jima, sai na ji ƙwas-ƙwas ta wajen taga. Da na sauko ya dube ni, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga, ya ce, “Injiniya.” Da wannan sunan ya ci gaba da kirana.

Daminar nan ita ce mafi daɗi a cikin jinyarsa. Duk ruwan da aka yi, idonsa na sama yana lura da inda ya ɗiga, in gari ya waye ya nuna mini. Ta kan kwano maganar ta dawo, kaɗan-kaɗan: “tsatsa”, “tsumma”, “ba nan ba”. Daga nan ta kai ga tambayar jikoki da neman a ƙara masa yaji a miya. Har ya koya mini gyaran makunnin fitila da baki, yana tsaki in na juya ƙusa ta baya. Gefen gadonsa ya bushe ƙaƙas. Akwai wani ɗan yoyo da ya rage can ƙurya, daidai inda nake sa kai a katifata, hujin ya ɓuya a jikin katako ba na hango shi. Ban gaya masa ba. Gwiwata ta kumbura a lokacin, hawa ya zame mini azaba, sai in ɗan ja filo gefe in sa roba, a zatona bai lura ba.

Wata rana cikin tsakiyar damina na fito daga madafa na tarar da shi sharkaf da gumi, ya zamo har bakin gado, gora a ƙasa, karyayyun tsinkaye warwatse a kan bargo. Tsintsiyar da na jingina a jikin gadon ya jawo. Na ce, “Malam, me kake nema haka? So kake ka faɗo?” Ya lumshe ido yana haki. Na gyara masa kwanciya, na share tsinkayen, na ɗauka zaman wuri ɗaya ne ya ishe shi.

Ba a yi mako ba ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai bar komai ba. Aka yi masa sutura bayan azahar, ana yayyafi. Na shiga takaba. Mata suka cika ɗakin suka watse, 'ya'yana suka zauna suka koma gidajensu, aka bar ni da gadon da ba kowa da gwangwanayen ƙusa. Ban iya komawa kan gadon ba, na ci gaba da kwana a katifata, yoyon ƙurya na ɗiga cikin roba kusa da kunnena.

Can wajen ƙarshen damina aka yi wani ruwa mai iska da ya ɗaga bakin falle ɗaya ta wajen ƙofa. Ƙanensa ya sake maganar kafinta, a hankali wannan karon. Na ce ya bari tukuna. Da hantsi na haɗa soso da fetur, na ɗauki guduma, na tsaya a gindin tsani. Na daɗe a tsaye kafin na gane abin da nake jira. Sai na yi kiran da kaina, maƙwabciyata ta amsa, ba da ƙarfi ba.

Na buga ƙusoshin fallen, na juyo zan sauka, sai idona ya kai can ƙurya. Tsinke ɗaya ne a tsaye, rana da ruwa sun kore launinsa, ya ɗan karkace. Ranar ban cusa ko ɗaya ba. Na rarrafa na je, na duba ta inda yake, daidai kan filona ne. Daga gadonsa zuwa wurin akwai nisa ko ga mai hannu biyu. Na tuna gumin, na tuna karyayyun tsinkayen da na share, kowane ɗaya gwaji ne da bai shiga ba. Ashe duk daren da na ja filo yana ji.

Na zauna a kan kwanon nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Zuciyata ta ce in bar tsinken a inda ya sa shi, ko da ruwa zai ci gaba da zuba mini har in mutu. Amma ba don in yi kallo ya sa shi ba. Ya yi rabinsa na aikin, saura nawa. Na zare tsinken na soke a ɗaurin kallabina, na kankare tsatsa, na shafa, na ɗora tsumma, na sake shafawa, na danne da babban yatsa yadda yake yi.

Da na gama, bakina ya yi abin da ya saba, na ɗaga murya na ce, “Saura ina?”

Na kasa kunne a kan kwanon, na jira. Can sai maƙwabciyata, wadda ashe tana tsaye a jikin katanga tun ɗazu, ta ce, “Adda, ka sauko haka. Rana ya yi zafi.”