Ƙaron Mangwaro a Rigar Alhaji Ramalan

"Kin ji an dawo wa tsohuwar nan da riga?"

"Wace tsohuwa?"

"Iyatu mana, mai bakin nan."

"Haba! Ita da ba a taɓa dawo mata da wanki ba?"

"To yau an dawo. Da idona na ga moton Alhaji a ƙofar gidansu."

"Madalla. Ita ma ta ɗanɗana."

A bakin famfo ake wannan hira, bayan katanga. Iyatu kuwa tana zaune a tsakar gida da farar shaddar Alhaji Ramalan a cinyarta, ba kalmar da ta wuce ta. Kunnenta dai lafiyarsa ƙalau.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wanki da guga. A tsohon Zango ta fara, hannun uwarta mai wanke wa fataken goro, tun kafin aikin gwamnati na ZACA ya rushe unguwar a watsa mutane. Da ta dawo nan, masu kayanta suka biyo ta. Tabon goro, manja, tsatsa, tawadar allo, duk ta san makamarsu, amma a kan ƙaron itace ta yi suna. In ɗanye ne, sai ta ɗora ƙanƙara ya daskare, ta kankare da bayan cokali. In ya kama zare, ta shafa man kaɗanya ta cikin rigar har ya saki, sannan sabulu ya bi man ya fitar. Wannan duk a ɗaki take yi, ƙofa a rufe. Ba wadda ta taɓa gani.

Munira, matar Sayibu direba, ta taɓa roƙonta. Shekara uku da suka wuce ne, tana sabuwar zuwa daga Ƙonni, ƙaro ya ɓata wa mijinta riga, ta zo ta durƙusa ta ce, "Iya, don Allah nuna mini."

Iyatu ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Na yi miki kama da lekol? Nan ba makaranta ba ce."

Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ga shi gida ɗaya suke haya, igiyar shanya ɗaya, kuma a ƙarƙashin mangwaron da Munira ke tsinka da gora tana sayarwa da yaji.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun bara yanar ido ta fara rufe wa Iyatu gani. Fari a kan fari hayaƙi take gani. Da yatsa take aiki yanzu, ta shafa, in ta ji danƙo ta san akwai ƙaro. Jiya kuwa rana ta busar da ɗigon ƙaron mangwaro kafin ta kwashe shanya, yatsa bai ji komai ba, ta ɗora dutsen guga mai zafi ta bi ta kai. Abin da ta yi shekaru tana zagin mata a kansa, shi ta yi da hannunta: ta dafa ƙaro a cikin zare.

Alhaji bai ɗaga murya ba, shi ya fi mata ciwo. Ko daga moto bai sauka ba.

"Iya, tun ina yaro kike wanke kayan gidanmu. Dubi nan. Dubi nan kuma. Har wuri uku. Gobe Juma'a ita zan sa. In na biyo bayan la'asar bai fita ba, peresin masu wankin inji zan riƙa kai wa, da nawa da na gidan duka."

Ta bi yatsansa ta damƙe wuri biyu. Na ukun bai taɓa ba, da haɓa ya nuna. Ta kuma san in gidan Alhaji ya janye, layin nan kaf zai bi shi.

Yana juyawa ta soka zare a wuraren biyu don kada su ɓace mata. Sai ga ƙarar gora a cikin ganye.

"Ke 'yar Ƙonni! Sauke gorar nan kafin in karya ta a gadon bayanki!"

"Mangwaron na gadonki ne, Yaaba?"

"Kar ki ƙara ce mini Yaaba, ban haifi uwarki ba. Ke kika zubar wa Alhaji ƙaro a riga!"

"Ni na ce ki yi shanya a gindin itace? Bon, na ji ni na zubar. Gugar fa, ni na yi? Ke da kika ce duk wadda ta goge ƙaro jaka ce?"

Iyatu ta juya. Ta tattara rigar ta shige ɗaki, ta bugo ƙofa har kwanon rufi ya amsa. Dariyar Munira ta biyo ta ta taga.

Ƙanƙara ba ta da amfani ga tabon da wuta ta dafa. Ta juya rigar, ta sa tsumma a ƙasa, ta ɗiga alkol ɗin farmasi a gindin zaren farko, tana dannawa a hankali, ba ta cuɗa ba don kada shaddar ta mutu. Ta bi da man kaɗanya, ta bi da sabulu, ta matsa lemun tsami. Haka ta yi wa na biyu. Sannan ta shiga laluben na uku. Ta shafa ƙirjin rigar, ta shafa aljihu, ta kai hanci ta sansana. Rigar sumul take ko'ina, yadda ita da kanta ta goge ta.

Ta fito da ita rana, ta ɗaga, ta kawo dab da fuska har hawaye ya zubo mata. Hayaƙi dai. Ko biyun da ta yi wa aiki ba ta san sun fita ko suna nan ba.

Masallacin layi ya fara gwada lasifika don kiran la'asar. Gidan ba kowa, duk an tafi kasuwa, sai Munira zaune a ƙofar ɗakinta tana yanka mangwaro a faranti, ta ba ta baya da gangan. In ta kira ta, kafin magariba matan famfo sun san Iyatu ba ta gani. Kuma sai ta buɗe mata ƙofar ɗakin nan, ta ga kwalba, ta ga man, ta ga komai.

Ta daɗe a tsaye da rigar a hannu. Wuƙar Munira na ta ƙwas, ƙwas a faranti.

"Munira."

Wuƙar ta tsaya. Shekara uku ba ta ji sunanta a bakin nan ba.

"Lafiya? Wani zagin kika tuna?"

"Wanke hannunki da sabulu tukun, duk ƙaro ne." Iyatu ta miƙa rigar wajen da take jin muryar. "Ki zo ki duba mini biyun nan ko sun fita. Sannan don Allah ki kama yatsana, ki ɗora mini a kan na ukun."