Shinkafar Da Na Dafa Wa Kamfanin Hanya

Shekarar da mijina ya rasu, wata da muke zumuntar mata tare a majami'a ta haɗa ni da kamfanin da ke gyaran hanya wajen Jere. Suna neman mai dafa wa leburori abincin rana. Na ce Ubangiji ya ji kukana. Na bar yara wurin ƙanwata a Kafanchan, na kama ɗaki kusa da sansanin kamfanin, na sayi manyan tukwane.

Sharaɗinsu in dafa da kuɗina, su biya ƙarshen wata. Ni kuwa ba ni da wannan jari. Wanda ya tsaya mini wani ɗan kasuwa ne Ibo, abokin marigayin. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa. Shi ke loda mini shinkafa da wake da manja a bas, in an biya ni in kawo masa.

Da farko sun biya. Daga nan aka fara ja. Yau a ce takardata tana Abuja, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, jibi a ce su ma gwamnati ba ta sallame su ba. Da damina ta yi nisa na je wurin manajan sansanin, na gaya masa zan sauke tukunya sai an biya ni. Bai ko ɗaga murya ba.

"Madam, in kin daina, gobe wata za ta zo da tukwanenta. Kuma wanda ya bar aiki, ba a saurin tunawa da kuɗinsa."

Na koma na hura wuta.

Ranar Asabar na tafi Kafanchan na faɗa wa ɗan kasuwan yadda muka yi. Ya sa aka fito da buhuna. Ya ce in na tsaya, nasa ma ya tafi ke nan, gara mu ci gaba. Haka muka yi ta zuba abinci a ramin da muka san ba ya cika. Masu ba shi kaya daga Kano suka daina. Duk zuwan da na yi sai in ga shagon ya ƙara faɗi, kanta babu komai sai gishiri da ashana. Matarsa ta daina amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinta ba.

Wata rana na kai abinci na tarar ana ɗora injina a kan tirela. Aikin ya ƙare. Leburori suka ci, suka yi godiya, wasu suka gaya mini su ma suna bin albashi.

Na bi kamfanin har Abuja. Maigadi ya san fuskata, har benci yake ba ni, amma ban taɓa wuce ƙofa ba. Kuɗin ya zo daga baya, kaɗan-kaɗan, bayan shinkafa ta yi tsadar da abin da na mayar wa ɗan kasuwan bai isa ya cika ko rabin shagon ba. Kafin kason ƙarshe ya fito, wanda ya ba shi hayar shagon ya karɓi makullinsa.

Na raka shi da iyalinsa tasha ranar da za su koma ƙauyen mahaifinsa, inda bai taɓa zama ba sai zuwa jana'iza. Na fara ba shi haƙuri, ya tare ni.

"'Yar'uwa, ba ke kika ci ba."

Yaransa suna ta tambayarsa da Hausa ko can ma akwai makaranta. Ya ce in gaida yara, ya shiga mota.

Ba a yi shekara ba na ji ciwon hawan jini ya kwantar da shi, gefe ɗaya ya shanye. Nakan kira lambarsa. Matarsa ce ke ɗauka, ta ce yana barci.