Taku Arba'in Daga Igwa Ta Uku

Shekara talatin da ɗaya Alonzo Pettiway ya yi yana yankan ciyawa a Tudun Ganuwa. A fayil ɗinsa na ofishin lambunan gari akwai takardar gargaɗi goma sha ɗaya, duk a kan laifi guda: ya bar wani ɗan fili a kusurwar gabas bai yanke ba. Ta farko an rubuta ta a watan Afrilun 1988. Bai taɓa yin musu ba. Yakan sa hannu, ya yi godiya, shekara ta zagayo ya maimaita.

Ban da wannan, aikinsa ba shi da makusa. Ganuwar ta ƙasa ce, sojoji suka tara ta da shebur lokacin tsohon yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar, kuma saiwar ciyawa ce kaɗai ke riƙe da ita. Shi ya sa ba ya hawanta da babban inji, da ƙaramin na turawa yake binta. In ƙanƙara ta sauka mutane suka zo wasan zamiya daga kan ganuwar zuwa cikin gwalalo, daga nesa za ka jiyo shi: "Ku sauko! Igwa ba ta rusa ta ba, sai takalmanku?"

Abin da bai gaya wa ofis ba shi ne, bayan yaƙi 'yantattun bayi sun zauna a gindin ganuwar, sun yi gidaje da coci. A nan aka haifi kakarsa Odessa. Da aka mai da wurin na shaƙatawa an kwashe gidajen, amma kaburbura huɗu marasa dutse sun rage. Alamarsu kawai wasu furanni ne rawaya da aka shuka a kansu, masu fitowa sau ɗaya in sanyi ya wuce. In ana yanke ganyensu da wuri, shekara biyu ko uku sun mutu ke nan. Kakar ce ta nuna masa wurin, ta ce kada hukuma ta ji, don tana tsoron a tone mutanenta a kai su inda ba wanda ya sani.

A watan Oktoban 2019 ritayarsa ta zo, lokacin da babu fure ko ɗaya a ƙasa. Wadda za ta gaje shi, Yesenia Quintanilla, ta shekara takwas tana gyaran filayen ƙwallo, kuma an san ta da aske ciyawa ƙwal. Kwana huɗu yana zagayawa da ita, ya nuna mata komai ban da kusurwar gabas. Ranar Juma'a da hantsi, ranarsa ta ƙarshe, ya tsaya a jikin igwa ta uku cikin waɗanda aka bari a wurin tun lokacin yaƙi, yana shafa bakinta.

"Baba Alonzo, in kuka za ka yi wa igwar nan, bari in ba ku wuri," in ji ta.

"Ke dai biyo ni. Ki ƙirga."

Ya juya wa igwar baya, ya nufi wata tsohuwar bishiya, ya yi taku arba'in ya tsaya.

"Hamsin da biyu," ta ce.

"Arba'in dai."

"Da waɗannan ƙafafun naka kamar na raƙumin dawa? Ni hamsin da biyu na samu." Ta dubi ƙasa. "To me ke nan? Ciyawa kawai nake gani."

Maganar kakarsa na kunnensa, amma ya san in ya yi shiru yau, bazara na zuwa inji zai bi ta kan furannin. Sai ya cire hula, ya gaya mata duka.

Yesenia ta ja da baya, ta ɗauke ƙafarta daga inda ta taka. "Su wa da wa?"

"Nan Silas, mahaifin kakata. Nan matarsa Hettie. Nan ƙanwar kakata, Lula. Na huɗun ban san sunansa ba, kakata ma ta manta." Ya mai da hularsa. "Za su rubuta miki gargaɗi fa."

"Kai nawa ka samu?"

"Sha ɗaya."

"A shekara talatin? Ashe ma ba su da himma."

Suka koma rumfar injuna. Ta ɗauki alƙalamin da ake rubuta ranar canjin mai da shi, ta rubuta a bayan ƙofa: igwa ta uku, taku 52, Silas, Hettie, Lula, da wani. Alonzo ya karɓa ya ƙara a ƙasa: in dogo ne, 40. Sannan ya miƙa mata makullan.