Gishirin Tsoho Liyang

Duk wanda ya zauna a unguwar Dengfeng wajen 1998, lokacin da mutanenmu suka fara zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sayen kaya, ya san Tsoho Liyang. Gajere ne mai ɗingishi, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai abin da ya ga dama yake ji. Shi ne mai benen da ke bayan 'yan canji, kuma in ya ce da ɗan haya ya fita, to ya fara ɗaure kaya.

A saman benen nan Rekiya, 'yar zangon Kumasi, take tuƙa tuwo da miyar kuka, 'yan kasuwa daga kasuwar Tianxiu suna hawowa su ci. Da tukunyar nan take riƙe 'ya'yanta a gida. Matsalar ɗaya ce, daddawa. Maƙwabta suka kai ƙara wai wani abu ya mutu a ɗakinta. Mutanen da ke cin tsohon ƙwan da cikinsa ya yi baƙi ƙirin suna lashe baki, su ne yau daddawa ta dama!

Liyang ya aiko cewa zai hawo da kansa. Rekiya ta tsorata ƙwarai. Ta kira Ma'azu, Bakanon da ya yi karatu a ƙasar, ya yi mata tafinta.

"Yaya Rekiya, ki ɓoye daddawar nan," in ji Ma'azu. "In ya tambaya ki ce mayo, babu, shi ke nan."

"Ɗan'uwa, ta riga ta shiga miya. In ɓoye tukunyar a ina?"

Tsohon ya iso yana haki, fuska a murtuke. A bakin ƙofa ya ja numfashi ya yi cak. Ya wuce kai tsaye ya buɗe tukunya, ya nuna kwano. Rekiya ta zuba masa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, sannan ya zauna a kan buhun shinkafa ya fara magana, Ma'azu yana fassarawa.

Ashe a yaƙin Japan yana saurayi, aikinsa loda buhuna a jirgin sama mai ƙetara duwatsun ƙasar Bama. Wata rana yana ciki inji ya kama wuta, jirgin ya faɗa daji, shi kaɗai ya fito, da karyayyiyar ƙafa. Yana kwance matsattsaku na shan jininsa sai ga mutanen dutse riƙe da masu, fuskokinsu duk zane. Ya ɗauka yanka shi za su yi. Su kuwa suka ɗora shi a gadon gora suka hau da shi ƙauyensu, suna ta yi wa takalmansa dariya.

Wata mata ce ta yi jinyarsa har damina ta wuce. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Kullum miyar wake mai wari take ɗura masa, in ya kau da kai ta dungure shi. Ranar da sojoji suka zo ɗaukarsa ya miƙa mata agogonsa, ta ƙi. Ta lashi tafin hannunta ta nuna masa: gishiri take so, don a dutsen nan ya fi komai tsada. Ya yi mata alkawari da ka. Yaƙi ya ƙare, aka rufe iyaka, bai taɓa komawa ba, ko sunanta bai sani ba.

"Ya ce warin ɗaya ne," in ji Ma'azu. "Ya ce shekara hamsin bai ji shi ba."

Liyang ya suɗe kwanon ya sauka, bai ce uffan a kan haya ba. Rekiya ta kwana ba ta san matsayinta ba.

Da hantsi ta ji ɗingishinsa a matakala, yana hawa yana hutawa. Buhun gishiri ne a kafaɗarsa, ya kusa girmansa. Ya dire shi a gabanta, ya sunkuya har ƙasa kamar mai gaida uwarsa.

"Laoban, maigida, ni ba ita ba ce," ta ce, hawaye na zubo mata, tana dariya.

Ya juyo mata da mataccen kunnen, ya ja kujera, ya miƙa kwanon da ya zo da shi daga gida.